Ta Yi Kumatu, Jini Ya Ragu: Nazarin Cimar Wata Yarinya Daga Ƙauye Zuwa Birni

Yarinya ce 'yar shekara 15. A ƙauye aka haife ta, a can ta tashi, sai da ta kai 14 aka kai ta birni gidan gwaggonta don ta yi sakandare. Shekara ɗaya da zuwanta aka kawo ta asibiti da jiri idan ta miƙe tsaye, da haki idan ta hau bene, da gyangyaɗi a aji, ga ciwon kai mai tafiya yana dawowa. Gwaggon ba ta kawo batun abinci a ranta ba ko kaɗan, don a ganinta birni ya karɓi yarinyar: ta zo a bushe, yanzu ta yi kumatu, kayan da ta zo da su duk sun matse ta.

An tsara wannan lamari ne daga irin abin da ma'aikatan lafiya ke yawan cin karo da shi. Ba tarihin wata takamaimiyar yarinya ba ne, kuma alkaluman jikinta na misali ne. Ma'aunan da aka gwada su da su kuwa na ainihi ne, mafi yawansu na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Hukumar Abinci da Aikin Gona, FAO. An ɗauki yarinyar da ta sauya mazauni ne saboda a jikinta ana iya ganin aikin cimar ƙauye da ta birni, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da awo ya nuna

Katin da makaranta ta cike mata ranar shiga ya nuna tsayi santimita 154, nauyi kilo 43. A asibiti an samu santimita 156, kilo 52. Kilo 9 ke nan a shekara ɗaya, tsayi kuwa santimita 2 kacal. Ana fitar da BMI, wato ma'aunin da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa, ta hanyar raba nauyi na kilo da tsayi na mita, a sake raba amsar da tsayin. Nata ya tashi daga 18.1 zuwa 21.4. A jadawalin WHO na 2007, 'yar shekara 15 tana cikin rama idan ta gaza 15.9, nauyi ya fara yawa idan ta haura 23.5. Wato sikeli bai ga laifin komai ba, dā da yanzu.

Jini ne ya tona asiri. Himoglobin nata, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, giram 9.8 ne a kowace desilita ta jini. Ga mace irinta, duk abin da ya gaza 12 ƙarancin jini ne: 11 zuwa 11.9 mai sauƙi, 8 zuwa 10.9 matsakaici, ƙasa da 8 mai tsanani. Feritin, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, ya fito 7, alhali ƙasa da 15 na nufin rumbu ya koma fanko. Gwajin zazzabin cizon sauro bai nuna komai ba, ba ta da sikila, amma an ga ƙwan tsutsar ciki mai shan jini a bayan gidanta. Cikin fatar idonta ya yi fari, farcenta na karyewa. Da aka tambaye ta ko tana sha'awar cin abin da ba abinci ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce takan tauna ƙanƙara, wani lokaci ƙasa. Yara ba sa faɗin wannan sai an tambaya, kuma alama ce mai ƙarfi ta ƙarancin ƙarfe.

Wata tambayar da kunya kan sa a tsallake ita ce ta al'ada. Ta fara tana da shekara 13 da rabi, tana yin kwana 8, kuma a kwana biyun farko takan sauya auduga duk bayan awa biyu. Matsakaicin jinin da mace ke zubarwa a wata mililita 30 zuwa 40 ne, idan ya wuce 80 ya yi yawa. Kowace mililita ɗaya ta jini tana tafiya da kimanin rabin miligiram na ƙarfe. Mai zubar da mililita 80 tana asarar miligiram 40 ke nan duk wata, ban da abin da girma ke ci. Girman nan kuwa ba ƙarami ba ne, domin a shekarun balaga ne mutum ke samun kusan rabin nauyinsa na manyanta da wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa.

Yadda aka ɗauki tarihin cima

Idan aka ce wa yarinya "me kike ci?" za ta lissafo abin da ake dafawa a gida, ba abin da ya shiga cikinta ba. Hanyar da ta fi ita ce a bi yinin jiya daki-daki, gwaggo tana waje. "'Yata, jiya da kika tashi me kika fara sa wa a baki? Da aka fita tara me kika saya? A hanyar dawowa fa? Naman da aka sa miki, kwatanta min girmansa da yatsunki." A yi haka na ranar makaranta biyu da ranar hutu ɗaya. Daga nan a jera abin da aka samu a rukunai goma na ma'aunin bambancin cimar mata da FAO ta fitar a 2016 don 'yan shekara 15 zuwa 49: hatsi da dangin doya da dankali, wake da danginsa, gyaɗa da sauran ƙwayoyi masu mai, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore, kayan lambu da na marmari masu bitamin A, irin su karas, kabewa da mangwaro, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itace. Ana son a samu aƙalla biyar a yini. Abin da bai kai giram 15 ba, kamar cokali ɗaya babba, ba a ƙirga shi.

Cimarta a ƙauye

Sau biyu ake ci a gidansu, sau uku bayan girbi. Hatsi ne ginshiƙi safe da dare, da miyar ganye, ɗanye da damina, busasshe da rani. Wake sau biyu ko uku a mako, gyaɗa idan akwai, 'ya'yan itace sai lokacinsu ya zo. Nama ko ƙwai ba ya wuce sau ɗaya ko biyu a wata, don kaji da awaki dukiya ce ta ranar buƙata. Idan ma an yanka, a gidaje da yawa a sassan duniya yarinya mace ce ƙarshen layi, ita da ta yi girkin. Rukunanta uku ne a yawancin ranaku, huɗu ranar wake. Ga ɗiban ruwa, ga itace, ga gona, sau da yawa ba takalmi, kuma ta tafin ƙafa tsutsar nan ke huda fata ta shiga.

A takarda, wannan cima ba ta rasa ƙarfe ba. Hatsin da ba a surfe shi sosai ba da wake da ganye suna iya ba da miligiram 16 a yini. Matsalar a hanji take. Ƙarfen da ke cikin nama da kifi jiki kan zuƙi kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari, na tsirrai kuwa kashi 2 zuwa 20 ne, gwargwadon abin da aka ci shi da shi. Dusar hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari, fitet, mai riƙe ƙarfe ya hana shi shiga jini. A cimar da kusan duka hatsi ce, ba nama ba 'ya'yan itace, FAO da WHO suna lissafi da kashi 5 cikin ɗari. Kashi 5 na miligiram 16 shi ne 0.8. Matsakaiciyar buƙatar 'yar shekara 15 zuwa 17 kuwa miligiram 1.6 ne da ya shiga jini a kullum, masu yawan zubar da jini sukan kai 3. Shi ya sa adadin da ake shawartar 'yan wannan shekaru su ci ya dogara da irin cimar: miligiram 21 idan mai nama da kayan marmari ce, 31 idan tsaka-tsaki ce, 62 idan zallar hatsi ce. Babu yarinyar da za ta ci miligiram 62 daga kwano.

Ke nan da gibi ta baro gida. Watanni shida na al'ada kafin tafiya, da tsutsa, da wannan cima, sun riga sun fara cinye ajiyar.

Cimarta a birni

Nan ne ido ke yaudara, don abincin ya fi yawa, ya fi kala-kala. Ƙarfe shida da rabi take fita. Ranar da aka makara ba karin kumallo, ranar da aka samu sarari shayi ne da farin burodi. Kuɗin tara yana tafiya a biskit ko soyayyen fulawa da lemon kwalba. Ƙarfe uku ta dawo ta dafa taliya mai saurin dahuwa. Da dare farar shinkafa da miyar tumatir da mai, da yankan nama kamar yatsu biyu, a biyo da shayi.

Burodi, biskit, soyayyen fulawa, taliya, shinkafa: sunaye biyar, rukuni ɗaya. Da nama da tumatir suka zama uku. Madarar shayi ba ta kai a ƙirga ba. Wake ya fita daga cimar saboda yana cin lokaci da makamashi, ganye ya fita saboda 'ya'yan gidan ba sa so, ita ma ta fara ganinsa abincin ƙauye. An gudu ba a tsira ba: rukuni uku a can, rukuni uku a nan.

Garin alkama da ba a cire dusarsa ba yana da kimanin miligiram 3.6 na ƙarfe a giram 100, farar fulawar da ba a ƙara mata komai ba kuwa 1.2 ne. Ƙasashe fiye da 80 sun wajabta ƙara sinadarai a fulawa, don haka yana da kyau a duba jikin buhu ko leda, amma wannan ba ya shafar farar shinkafa a yawancin wurare. Jimillar ƙarfen yininta ta tsaya wajen miligiram 8. Ko da an yi mata lissafi da kashi 10 cikin ɗari saboda ɗan naman dare, 0.8 ɗin nan ce dai ta sake fitowa. Sai kuma shayi ya zo ya rage: kofi ɗaya tare da abinci yana iya kashe fiye da rabin ƙarfen tsirrai da jiki zai zuƙa, saboda sinadarin tanin. Sau biyu take sha, kuma duk a kan abinci.

Sukari kuwa ba a magana. Ƙaramar kwalbar lemo ta mililita 330 tana da wajen giram 35. Cokali uku ƙanana a kofin shayi, sau biyu, giram 24. Da na biskit an doshi 70. WHO ta ce a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, wato kamar giram 50, kuma rabin haka ya fi. Ƙunshin taliyar nan ɗaya, idan an juye garin ɗanɗanonsa duka, yakan ɗauki rabin giram 5 na gishirin da aka yarda a ci a yini, ko fiye. Tafiyar rafi da gona ta koma zaman mota da zaman aji da waya. Daga nan kilo 9 suka fito.

Wani abu da ya fito a ganawa ta biyu: watanni biyu kafin zuwa asibiti ƙawaye sun fara tsokanarta da ƙiba, sai ta fara barin abincin dare. Abincin da ke da nama ta bari, lemo da biskit suna nan. Haka 'yan mata suka fi yi, su yar da abincin gida da ake gani a kwano, su riƙe na leda da ba a ɗauke shi abinci ba. Idan aka ji wannan a ci gaba da tambaya a hankali: tana sa kanta amai? tana shan maganin rage ƙiba ko na wanke ciki? al'ada ta ɗauke? Amsar e ga ɗaya daga ciki tana buƙatar likita, faɗa ba ya maganinta. Ita dai ba ta kai nan ba.

A ganinmu kuskure ne a riƙa raba matsalar gida biyu, a ce rama ta ƙauye ce, ƙiba ta birni. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Nature a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin ƙaruwar matsakaicin BMI na manya a duniya daga 1985 zuwa 2017 daga karkara ya fito. Biskit da lemo sun isa duk inda mota ke zuwa. Ƙarancin jini kuma bai san kan iyaka ba: a ƙiyasin WHO na 2019, kusan kashi 30 cikin ɗari na matan duniya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi.

Magani, da inda aka samu tangarɗa

An ba ta albendazol miligiram 400 sau ɗaya don tsutsa, da ƙwayar feros salfet mai miligiram 200, wadda ainihin ƙarfen cikinta 65 ne, ɗaya kullum. Abinci kaɗai ba ya fitar da wanda ya kai 9.8 cikin lokaci mai ma'ana. Ana sa ran himoglobin ya tashi da aƙalla giram 1 cikin mako huɗu.

Da ta dawo an samu 10.0. Kafin a ce magani bai yi ba sai a nemi ganin kwalinsa, a ƙirga. Ƙwaya goma kawai aka sha cikin 28. Bayan gidanta ya koma baƙi, ga tashin zuciya, gwaggo ta tsorata ta tsayar, ta sayo maganin ƙarin jini na ruwa mai zaƙi, wanda ƙarfen cikinsa bai kai na ƙwayar ba ko kusa. Goman da aka sha ma da shayin safe aka kora su. Laifin na wanda ya miƙa magani ne bai yi bayani ba. Baƙin bayan gida abu ne da aka sani ga mai shan ƙarfe, ba cuta ba ne, kuma minti ɗaya ya isa a faɗa tun ranar farko.

Aka sauya tsari. Ƙwaya ɗaya, a sha yau a tsallake gobe, da ruwa ko da lemon zaƙi, nesa da shayi da madara da aƙalla awa ɗaya, biyu ya fi. Akwai dalilin tsallake ranar: bayan an sha ƙarfe mai yawa hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, da ke rage zuƙar ƙarfe har kusan yini guda, don haka ƙwayar da aka sha bayan hutun rana ɗaya ta fi shiga, kuma ciki ya fi samun sauƙi. Idan tashin zuciya ya dame ta, ta sha bayan ta ɗan ci wani abu. Aka ja kunnen gwaggo ta ajiye kwalin inda ƙananan yara ba sa kaiwa, don ƙwayoyin ƙarfe da yawa suna iya kashe ƙaramin yaro.

A mako na takwas ta kai 11.3, a na sha biyu 12.2. Nan ne tarko na biyu, don jiri ya tafi, kowa na ganin an gama. Himoglobin ne ke fara cika, ajiya sai daga baya, saboda haka aka ci gaba da magani wata uku bayan jini ya daidaita. An kuma tura ta wurin likitan mata kan yawan jinin al'ada. Akwai magungunan da ke rage shi, kuma yarinyar da ta fara da zubar jini mai yawa tun al'adar farko ya kamata a duba ko tana da ɗaya daga cikin cututtukan rashin daskarewar jini da ake gado. Ba a cika tulu mai yoyo.

Gyaran cima ba tare da ƙarin kuɗin cefane ba

Ba a ba gwaggo jerin abinci masu tsada ba, don takardar za ta ƙare a aljihun jaka. Abu huɗu aka taɓa. Shayi ya koma awa ɗaya bayan abinci, sukarinsa cokali ɗaya. Wake ya dawo sau huɗu a mako: a jiƙa shi da dare, a zubar da ruwan, a dafa mai yawa a raba na kwana biyu, jiƙon yana rage fitet yana kuma rage lokacin wuta. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da wajen miligiram 4 na ƙarfe. Duk abincin da ba nama a haɗa shi da mai bitamin C a zama ɗaya: lemon zaƙi, gwaiba, ɗanyen tumatir, ko a matsa lemon tsami bayan an sauke, don dogon dahuwa yana kashe wannan bitamin. Kuɗin lemon kwalba kuma ya koma dafaffen ƙwai, gyaɗa da 'ya'yan itace, lemon ya zama na ranar hutu.

Naman da ake da shi aka raba shi daban. Maimakon a tara shi a miya ɗaya, a yanka ƙanana a sa a wake ko ganye, saboda ɗan nama ko kifi yana taimaka wa ƙarfen tsirrai ya shiga. Hanta sau ɗaya a mako, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu idan an samu, waɗanda ke ba da kalsiyum ma. 'Yar wannan shekaru tana buƙatar miligiram 1,300 na kalsiyum a yini, kofin madara ɗaya yana da wajen 300, kuma ƙashin da aka gina yanzu shi za a ci gajiyarsa bayan shekara hamsin. Da wannan rukunanta suka kai biyar zuwa shida. Ba a ce mata ta rage nauyi ba. An bar nauyin ya tsaya, aka nemi ta riƙa motsa jiki minti 60 a yini kamar yadda WHO ta shawarta wa 'yan shekara 5 zuwa 17, ko da tafiyar ƙafa ce daga makaranta.

Dogon hutu ya faɗo a tsakiyar watanni ukun ƙarshe, kuma ƙauye za ta koma. Aka ba ta ƙwayoyin da za su kai ta ƙarshen hutu, da takardar da ke ɗauke da sakamakon gwaje-gwajenta don jami'ar lafiya ta can. Aka ce ta sa takalmi a gona da bayan gida, a jiƙa hatsi ko a bar ƙullunsa ya yi tsami kafin a dafa, a shanya ganye a inuwa maimakon rana. Tana da ƙanwa 'yar shekara 12 da ba ta fara al'ada ba, mai cin abin da ita ta ci, mai taka ƙasar da ta taka. An rubuta a takardar a auna jinin ƙanwar, a ba ta maganin tsutsa, a kuma bincika ko makarantarsu tana cikin shirin raba ƙwayar mako-mako mai miligiram 60 na ƙarfe da 2.8 na folik asid, wadda WHO ta shawarta tun 2011 ga mata da 'yan matan da suka fara al'ada a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 20 cikin ɗari, a sha wata uku, a huta wata uku. Ita kuma an sa mata ranar sake auna feritin mako na farko bayan komawa makaranta.